Sunan Mayaƙi: daga Tsibiri ya fito, ko kowane gida da nasa tushen?

Ɗan_Bagalam
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na ga nan ne ya dace in kawo ta, tunda akwai dattawa da malamai a cikinmu. A takardar haihuwata da katina na ɗan ƙasa, suna na uku da aka rubuta shi ne Mayaƙi, alhali ba sunan mahaifina ba ne, sunan da ake kiran kakana da shi ne. A Bagalam aka haife ni, mahaifina ma nan Maraɗi ya tashi, amma kafin Allah ya yi masa rasuwa ya sha faɗa mana cewa tushenmu Tsibiri ne. Bara da na je Yamai neman wasu takardu, ma'aikacin da ya karɓi katina ya ɗago kai ya tambaye ni ko ni ɗan Filinge ne, ya kuma yi mamaki da na ce masa ban taɓa taka garin ba. Da na dawo na duba a Facebook, sai na tarar da masu wannan suna a Bida, da Kaduna, da Lakwaja, wasu suna rubuta Mayaki, wasu kuma Maiyaki. Shin duka kaka ɗaya ne ya haife mu muka bazu, ko kuwa sunan ne kawai ya haɗa mu?

Bagobirin_Tsibiri
Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka tana cikin maganar mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Mayaƙi sarkin Gobir ne, shi ne ya kafa Tsibiri, kuma duk wanda ya gaji wannan suna daga kakanninsa, a ganina jinin gidan sarautar Gobir ne, ko da a Gwanja aka haife shi. Gobirawa mutanen yaƙi ne da tafiya, babu inda ba su kai ba.

Mushen_Tarihi
Rabin maganar Bagobirin_Tsibiri gaskiya ne, rabin kuma yana bukatar a tsaya a kansa. Bari in fara da abin da ya tabbata. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa kuma, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, inda aka kashe Sarki Yunfa. Gidan sarautar Katsina ya yi gudun hijira zuwa ƙasar Damagaram, daga baya Ɗan Kasawa ya dawo ya zauna a nan Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa su ma sun yi shekaru suna yawo ba su da tabbataccen mazauni. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta ci haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda a wurin. Bayan wannan masifa ne Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, Mayaƙi ɗan Yakuba kuma ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi ƙwarai, domin garuruwan biyu su riƙa kai wa juna ɗauki. Mayaƙi ne yake mulkin Gobir lokacin da Bajamushen nan Overweg, abokin tafiyar matafiyin nan Barth, ya ziyarci Gobir da Maraɗi a 1851.

Inda na rabu da ɗan'uwana shi ne cewar duk mai sunan jinin wannan sarki ne. Kalmar mayaƙi ta girmi Tsibiri nesa ba kusa ba, kuma babu wata ƙasar Hausa da ba ta da mayaƙanta. Sunan da kowa ke iya samu ta hanyar takobinsa ba ya zama mallakar gida ɗaya.

Ɗan_Mayahi
Ni tun ina yaro nake jin cewa sunan yana da alaƙa da garinmu Mayahi. Ko kuskure ne?

Malam_Limanci
Kuskure ne, ɗana, kamannin sauti ne kawai ya ruɗe ka, kuma rubutun Faransanci ya ƙara ruɗanin, domin ba shi da harafin ƙ mai lanƙwasa, sai bambancin kalmomin biyu ya koma harafi ɗaya tak a takarda. Mayaƙi kalma ce da aka gina daga yaƙi, kamar yadda aka gina manomi daga noma, maƙeri daga ƙira, mahauci daga fawa ta wata hanyar, kuma jam'inta mayaƙa. Shi kuwa Maiyaki da Ɗan_Bagalam ya gani a wajen mutanen Najeriya, gininsa dabam ne a nahawu: mai da yaƙi ne aka haɗe, kamar Mainasara ko Maikano. Ma'anar kusa take, amma mai lura zai ga cewa hanyoyi biyu ne harshe ya bi ya iso wuri ɗaya, kuma hakan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa bakin mutum ɗaya sunan ya fito.

Tsohon_Akawu
Ina roƙon a ba ni dama in yi magana a kan ɓangaren da na sani da hannuna, domin na yi shekara ashirin da ƴan kai ina rubuta takardun haihuwa a wata meri a cikin jihar nan kafin in yi ritaya. Kafin a tambayi inda sunan iyali ya fito, ya kamata a tuna cewa Bahaushe ba shi da sunan iyali irin na Bature tun asali. Mutum yana da sunan yanka, yana da laƙabi, ana jingina shi ga ubansa, ko garinsa, ko sana'arsa, ko sarautarsa, kuma da zarar an sauka zuwa jika sai jinginar ta canza. Takardar da Faransa ta kawo kuwa tana da gurbi biyu, ɗaya na sunan mutum, ɗaya na sunan iyali, kuma dole a cike su duka. Abin da aka yi shi ne a cusa sunan uba a gurbi na biyu, shi ya sa har yau a ƙasar nan mafi yawan mutane sunansu na biyu yana canzawa daga uba zuwa ɗa. Ko shugabanninmu ba su tsira daga wannan ruɗani ba: za ka ji ana cewa Jori Hamani, za ka kuma ji Hamani Jori, haka Tanja Mamadu da Mamadu Tanja.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Mutumin ƙauye yakan zo da ɗansa da ya isa shiga lakwal ba shi da takarda, sai a tura shi kotu da shaidu biyu a yi masa takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, a rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza. Idan aka tambayi sunan uba ko na kaka, sau da yawa mai amsawa ba ya iya furta sunan yanka saboda kunya, musamman idan mace ce ake tambaya sunan mijinta ko na surukinta, sai ta faɗi laƙabin da gari ya sani. Akawu kuma ba ya bincike, abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Da haka Ƙaura, da Durɓi, da Galadima, da Ɗan Galadima, da Barmu, da Mayaƙi suka shiga rajista a matsayin sunaye, alhali sarautu ne ko laƙubba. Na taɓa ganin ƴan uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, kowannensu da sunan iyali dabam a katinsa, saboda mutum uku ne suka kai su a shekaru dabam-dabam. Na kuma ga Mayaƙi an rubuta shi ta hanya huɗu a littafi ɗaya. Ni kaina ba zan wanke hannuna daga wannan ba.

Bagobirin_Tsibiri
Baba Tsohon_Akawu, na yarda da abin da ka ce game da takarda, amma akawu bai ƙirƙiri laƙabin ba, ya tarar da shi ne a bakin mutane. Tambayata ita ce wa ya ba kakan wannan yaro laƙabin, a Tsibiri, garin da Mayaƙi ya kafa? Talaka ba ya tashi haka kawai ya ɗauki sunan sarki a garin sarki.

Hajiya_Zariya
Yana ɗauka mana, Alhaji, kuma mu mata mun fi ku sanin yadda hakan ke faruwa, domin mu ne ke sa laƙabi. Idan aka raɗa wa yaro sunan wani babba, uwarsa da kakanninsa mata ba sa kiran sunan, sai su kira shi da laƙabin wancan babban. Haka Abdullahi ke zama Maikano, Usmanu ya zama Shehu, Abubakar ya zama Garba, Umaru ya zama Sanda. Ba wanda zai ce duk Shehun da ke Maraɗi jikan Shehu Ɗan Fodiyo ne. Haka kuma baran sarki, ko makaɗinsa, ko wanda sarki ya yi wa alheri, yakan yi wa sarki takwara da ɗansa, yaron ya tashi da laƙabin gidan da ba nasu ba. Akwai kuma yaron da aka haifa uban yana wajen yaƙi, ko wanda ya tashi da zafin zuciya kakarsa ta yi masa kirari da wasa sunan ya bi shi har tsufa. A gidanmu akwai wani kawu da ake ce wa Sarki har ya rasu, ko mai unguwa bai taɓa zama ba.

Bakurfaye_a_Maraɗi
Tunda an ambaci Filinge, bari in sa baki, domin can aka yanke mini cibiya, aiki ne ya kawo ni Maraɗi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Abin da ya sa ma'aikacin nan na Yamai ya tambaye ka haka, Ɗan_Bagalam, shi ne a yammacin Nijar idan aka ce Mayaƙi, gidan sarautar Kurfai ake nufi. Filinge tana jihar Tillaberi, a kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma Kurfayawa Hausawa ne da ke zaune tsakanin Zabarmawa da Buzaye. A wajenmu Mayaƙi laƙabi ne na jagoran yaƙi. Da Faransawa suka zo a farkon ƙarni na 20, Mayaƙi Namailaya suka ɗauka suka ba shi sarautar kanto, daga nan laƙabin ya manne wa gidan. Adamu Mayaƙi, wanda aka haifa a Filinge a 1919, ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Jori, ya kuma yi jakadanci a Amurka. Ɗansa Ibrahim Hasan Mayaƙi shi ne firaministan da Ba'are Mainasara ya naɗa a ƙarshen 1997, ya zauna a kujerar har farkon 2000, daga baya ya jagoranci NEPAD, hukumar raya ƙasashe ta Tarayyar Afirka, daga 2009 zuwa 2022. Wannan gida ne ya sa sunan ya zama sunan iyali na gaske irin wanda ba ya canzawa, domin sun shiga boko da wuri, takardunsu kuma suka bi juna. Ban taɓa jin dattawanmu sun jingina laƙabin ga Tsibiri ba.

Bagobirin_Tsibiri
Rashin ji ba hujja ba ce. Kurfai da Kurfi ta ƙasar Katsina fa, ba ka ga suna kama ba? Idan mutane suka taso daga gabas, da sunayensu suke tafiya.

Malam_Limanci
Alhaji, ka sake faɗawa ramin da muka fitar da Ɗan_Mayahi daga ciki ɗazu. Kama da wane ba ta wane. Ko da an tabbatar da cewa wasu mutane sun taso daga gabas, hakan bai nuna cewa laƙabin wani jarumi da ya rayu a ƙarshen ƙarni na 19 gadonsa ya yi daga wani sarki na wata ƙasa ba.

Bakatsine_a_Bida
Assalamu alaikum. Ni ɗan Maradawa ne, amma kasuwancin hatsi ya zaunar da ni a Bida shekaru masu yawa, cikin abokan wasanmu Nufawa, waɗanda ba sa barin Bakatsine ya sha ruwa lafiya. Zan faɗi abin da na sani game da reshen nan na kudu. A masarautar Nufe, Mayaƙi sarauta ce ta fada, ta shugaban rundunar yaƙi, kuma kalmar daga Hausa suka aro ta kamar yadda suka ari wasu sarautu da dama. Wanda ya fi shahara da ita a tarihi shi ne Umaru Bahaushe, wanda sunansa ma ya nuna asalinsa. Jagoran yaƙi ne da ya yi ƙarfi a tsakiyar ƙarni na 19 har ya ƙwace mulkin Nufe na wasu shekaru daga hannun ƴaƴan Malam Dendo, Bafillacen da zuriyarsa ke sarautar Nufe, sai da gidajen ƴaƴansa Usman Zaki da Masaba suka haɗa kai aka kawar da shi, kuma bayan wannan rikici ne Bida ta zama babban birni. Daga baya rundunonin Bida suka riƙa ƙetare Kwara suna kai hari da karɓar haraji a ƙasashen kudu, har zuwa 1897 da sojan kamfanin Ingila suka ci garin. Inda mulkinsu ya taka, sarautunsu sun bi. Yau haka sarkin Kupa, a jihar Kogi, Maiyaki ne sunan sarautarsa. Saboda haka waɗanda ka gani a Lakwaja da kewaye, ɗan'uwa, mai yiwuwa ne da yawansu ko Hausa ba ita ce harshen gidansu ba.

Ɗalibar_Ɗan_Dikko
Na gode da wannan bayani, Baba, ya warware mini wani abu. Ina karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, kuma na taɓa shiga irin shafukan intanet ɗin nan da ke ƙirga yawan masu suna a kowace ƙasa. Abin da na lura shi ne haruffa kawai suke tarawa, ba su san ma'ana ba. Akwai ƙauye a ƙasar Yukren, kusa da Odesa, da ake rubuta sunansa kusan daidai da wannan, alhali a harshensu kalmar tana nufin hasumiyoyin fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Wanda ya dogara da irin waɗannan taswirori zai iya wayar gari yana neman dangi a bakin Baƙin Teku. Kuma ko a nan gida, tunda sunan na biyu yana canzawa daga uba zuwa ɗa kamar yadda Baba Tsohon_Akawu ya bayyana, jikokin sarki na haƙiƙa da yawa ba za su bayyana a ƙirgar ba sam, domin katinsu yana ɗauke da Isufu ko Abdu.

Mushen_Tarihi
Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a cikin duk abin da aka faɗa, ƴata, domin ta juya tambayar. Muna ta tambayar ko duk mai sunan jinin sarki ne, mun manta cewa mafi yawan jinin sarki ba su da sunan. Ku dubi Sabon Birni. Bayan zamanin Mayaƙi, rikicin gado ya sa Ɗan Halima ya fita daga Tsibiri da jama'arsa ya kafa Sabon Birni, wadda yau take jihar Sakkwato. Gida ɗaya ne ya rabu biyu, sa'an nan tawagar Kyaftin Tilho da takwarorinsu na Ingila suka zo tsakanin 1906 da 1908 suka kafa alamomin iyaka, rabi ya koma hannun Faransa, rabi hannun Ingila. Waɗanda suka faɗa wancan ɓangare suka shiga makarantun da ake jingina yaro ga garinsa. Da haka aka sami Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, har da Ƴar'aduwa wadda unguwa ce a birnin Katsina. Bagobirin da ke can sai ya zama wane Gobir ko wane Sabon Birni, ɗan'uwansa na nan kuma ya zama wane ɗan wane. Jini ɗaya, alƙalami biyu. Tafintan tawagar Tilho, Landeroin, ya rubuta jerin sarakunan ƙasashen nan daga bakin dattawan lokacin, amma jerin sarakuna waɗanda suka hau gado kawai yake ƙirgawa, ba zai gaya wa Ɗan_Bagalam ko kakansa ɗan wane ne ba.

Direban_Jibiya
Gaskiya ne batun iyaka. Ina bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina kusan kullum, kuma ina da ɗan baffa a can wanda kakanmu ɗaya, amma sunan da ke katinsa na garinsu ne, nawa kuma na mahaifina. Wata rana wani jami'i ya ƙi yarda cewa mu ƴan uwa ne har sai da ya dubi fuskokinmu ya ga tsagarmu iri ɗaya ce.

Ɗan_Bagalam
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Maganar Direban_Jibiya ta tuna mini abin da ban faɗa ba tun farko. Ban riski kakana ba, amma akwai hotonsa guda ɗaya a tsohon katin haraji da mahaifiyata ta adana, kuma yana da tsagar Gobirawa a kumatu. Mahaifina ba a yi masa ba. Abin da kuma na ji shi ne kakan ya zo Maraɗi yana saurayi, ya zauna a tsohon gari cikin kwari, kuma yana cikin waɗanda suka hau tudu bayan ambaliyar 1945. Sana'arsa dukanci ce, yana ɗinka sirdi da linzami da kube.

Bagobirin_Tsibiri
To, alhamdu lillahi, ga shaida ta fito da kanta. Shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, wa ke da wannan in ba mu ba? Tsibiri, da tsaga, da suna, abu uku sun haɗu.

Hajiya_Zariya
Abu na huɗun fa, Alhaji, ka tsallake shi. Yaron ya ce kakansa baduku ne. Tsaga ta nuna Bagobiri ne, wannan ba gardama, amma Gobirawa ba duka ne ƴaƴan sarki ba, kuma a da sana'a gado ce, ɗan sarki bai cika zama ya riƙe basilla ba. Ni abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne gidansu dukawan fada ne, masu yi wa dawakin sarki kaya, kuma irin wannan kusanci ne ke sa a yi wa sarki takwara. Wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan, babu mayaƙin da ya taɓa hawa doki ba tare da aikin baduku ba.

Bagobirin_Tsibiri
Hajiya, ƴaƴan sarki nawa ne suka rasa sarauta suka kama sana'a bayan zuwan Nasara? Wanda ya bar gari cikin fushi saboda an naɗa ɗan'uwansa, da me zai ci abinci a baƙon wuri? Ban janye ba.

Malam_Limanci
Dukanku biyu kuna da abin riƙo, kuma ba a allon waya za a raba wannan gardama ba. Abin da zan ƙara shi ne ta fuskar addini. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni da a kira mutane da sunan ubanninsu, malamai kuma sun yi gargaɗi mai tsanani a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Ɗaukar laƙabin kaka a takarda bai shiga wannan ba, tunda kakanka ne. Abin da ake gudu shi ne a ɗauki laƙabin a gina nasaba a kansa ba tare da shaida ba, har wata rana jikoki su tashi suna neman abin da ba nasu ba, ko kuma su raina dangin da suke nasu na gaskiya.

Tsohon_Akawu
Ɗana, tunda akwai katin haraji, ka dube shi da kyau, gaba da baya. Irin waɗannan takardu sukan ɗauki sunan mai gida, da sunan ubansa, da unguwa ko ƙauyen da ake ƙirga shi a ciki, wani lokaci har da sunan wanda ke karɓar harajinsa. Idan sunan yankan kakanka da na mahaifinsa suna jiki, ka sami bakin zare, domin a fada ba a tambayar ka sunan da ke katinka, ana tambayar ka ɗan wa, jikan wa. Kada kuma ka lulluɓe takardar da roba mai zafi kamar yadda ake yi yanzu, tawadar da takan lalace. Ka ɗauki hotonta, ka mayar da ita inda mahaifiyarka ta ajiye.

Hajiya_Zariya
Kuma kafin ka je fada, ka fara da tsofaffin matan gidanku, musamman gwaggwanninka idan akwai mai rai. Ka tambaye su kirarin da ake yi wa gidan ranar suna ko ranar aure, da gidan da ake kai wa goron gaisuwa a Tsibiri idan an yi mutuwa, da inda gonar gado take. Maroƙa da makaɗan fada su ma suna riƙe da sunaye, sai dai ka sani maroƙi idan ya ga aljihunka da nauyi zai iya kai ka har Bawa Jangwarzo kafin la'asar.

Bakurfaye_a_Maraɗi
Ni dai ko ta ina binciken ya ɓulle, idan hanya ta kai ka Filinge ka neme ni in haɗa ka da mutanenmu, za su karɓe ka a matsayin takwara. Amma ina son Mushen_Tarihi ya duba mana wani abu: tunda an sami laƙabin a Gobir, da Kurfai, da Nufe, ashe ba zai yiwu a same shi a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi da Adar da Kabi ba, inda su ma ƙarni na 19 bai bar su sun huta da yaƙi ba?

Mushen_Tarihi
Abin da nake zato ke nan, kuma shi ya sa nake ganin idan aka bi kowane gida dabam za a tarar da tushe fiye da ukun da muka lissafa. Sai dai Bagobirin_Tsibiri yana da gaskiya a abu guda: game da gidan Ɗan_Bagalam kaɗai, Tsibiri ce wurin tambaya, ba Filinge ko Bida ba.

Ɗan_Bagalam
Na duba katin da daren nan kamar yadda Baba Tsohon_Akawu ya ce. Akwai suna biyu kafin Mayaƙi, ɗaya ya goge rabi, ɗayan kuma ban taɓa jin an kira shi a gidanmu ba. Mahaifiyata ta ce akwai wata ƙanwar kakana da aka aurar a wani ƙauye ta wajen Gidan Runji, kuma tana jin ƴarta tana nan da rai. Can zan fara zuwa ranar Lahadi in Allah ya yarda, sa'an nan Tsibiri.

Ɗan_Dakwaro
Ku gafarce ni, yanzu na ga wannan zance. Mu ma a gidanmu akwai wannan suna a takardun yayyena biyu, amma mu ba Gobirawa ba ne, kakanmu daga Adar ya sauko da raƙumansa, kuma an ce wani soja da ya yi aiki tare da shi ne ya laƙaba masa. Baba Tsohon_Akawu, shin waɗanda suka yi sojan Faransa, a wane littafi ake samun sunan da aka rubuta su da shi ranar da aka ɗauke su?